Uwar Mai Jirgi

Da sunan Allah nake ci gaba, Shi da ya ara mini kwana har na kawo nan a labarina.

Akwai wata magana da take yawo a tsakaninku, ku 'ya'yana da jikokina, kuna tsammanin ba ta zo kunnena ba. Wai a shekarar da aka yi wa babban wanku binciken tuƙin jirgi, ni na je gaban hukuma na karɓe ɗana daga hannun Goggonku, wai kuma baƙin cikin haka ne ya kwantar da ita. Na ji ta a bakin biyu daga cikinku ranar sunan 'yar Abu, kuna wanke-wanke a bakin rijiya, ni ina ɗaki kuna zaton barci nake. Ban yi fushi ba. Ba ku san yadda aka yi ba, kuma laifina ne da ban taɓa zaunar da ku na gaya muku ba. To yau zan faɗa tiryan-tiryan, wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba.

Sai na fara da yadda yaron ya bar hannuna. Mu asalinmu mutanen shanu ne. Kakanninmu suka shigo birni suka zauna, shanu suka ƙare, amma kunya ba ta ƙare ba. A gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ce mai ɗaga shi ba, in an yabe shi sai ta kau da kai kamar ba ta ji ba. Balle shi da aka sa masa sunan mahaifin Malam, wato surukina, kun ga kunyar ta zama biyu. Ranar da aka yaye shi, yayar Malam, wadda kuke kira Goggo ni kuma nake ce mata Yaya, ta zo nan Koki da sabon zane, ta goya shi ta tafi da shi gidanta na Goron Dutse. Allah bai ba ta haihuwa ba, ga shi ta daɗe a gidan miji. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban sa ran a tambaye ni ba, don haka aka yi wa uwata, haka aka yi wa tata uwar. Kuma in faɗi gaskiya tsakani da Allah, Yaya ta yi masa riƙon da ni ba zan iya ba. Ita ta yi jinyar ƙyandarsa, ita ta kai shi kaciya ta zauna da shi har ya warke, ita ta tsaya kai da fata a kan karatunsa lokacin da Malam yake son ya kama kasuwar ƙirgi irin tasa. Umma yake ce mata. Ni kuwa Hajiya yake ce mini kamar sauran yaran unguwa, duk da ya san ni na haife shi, don irin wannan ba a gaya wa yaro, da kansa yake tsinta. In zan ambace shi sai in ce ɗan Yaya. Da ya fara tuƙi, mutanen unguwa suka sa masa Mai Jirgi, sai na samu sauƙi na bi bayansu.

Ba irin manyan jiragen nan na Makka yake tuƙawa ba. Nasa ƙarami ne, mai farfela ɗaya a hanci. Yana kai likitoci da magani garuruwan da hanyarsu ta lalace, in kuma tsuntsun jan-baki ya sauka wa gero da shinkafa, su ake kira su yi feshi. Filayen da yake sauka, na ji yana gaya wa ƙannensa, wasu ko kwalta babu, jar ƙasa ce da rumfar mai gadi, sai an kori awaki kafin ya sauko. Ni ban taɓa ganin jirgin a ƙasa ba. Kun dai san ni, daga ɗakina sai madafa sai gindin darbejiya, in ba rasuwa aka yi ba ba a ganin ƙafata a waje. Amma na san kukansa. Duk jirgin da ya bi ta kan Koki ina jin sa, nasa kuwa yana da wata 'yar gargada a murya kamar keken ɗinkin da ya sha aiki. In na ji, sai in ce wa Abu autata ta leƙa, kamar mutanen Goron Dutse ne suke wucewa.

Ana nan sai aka shiga shekarun nan na rashin zaman lafiya a dazuka. Aka yi ta raɗe-raɗin wai da jirage ake kai wa mutanen daji kaya. Gaskiya ne, ƙarya ne, Allah ne masani. Hukuma dai ta rufe saman wannan yanki, ta ce ba jirgin da zai ƙara ratsawa ko ya sauka a ƙananan filayen can sai wanda aka tantance matuƙinsa. Yadda Abu ta warware mini tantancewar, za a ɗauki hoton yatsunka goma, ka cike takardu tun daga inda aka binne cibiyarka, ka je kotu ka rantse cewa duk abin da ka rubuta gaskiya ne, sannan su bi sawu su gani da idonsu, ba tare da sun sanar da ranar zuwansu ba. In ka tsallake, a ba ka wata lamba ta sirri, kai kaɗai, wadda za ka faɗa wa masu ba jirage hanya kafin ka tashi. In ba ka da lambar, ko ka tashi ba inda za ka sauka. Ga shi kusan duk aikin kamfaninsu a can yake. Na saurari wannan duka na ce Allah ya ba da sa'a. Ban kawo a raina abin zai biyo ta zaurenmu ba.

Wata Litinin da hantsi ina tankaɗe, Abu ta tafi awo asibiti, gidan ni kaɗai, sai na ji mota ta tsaya a bakin lungu, sannan na ji takun takalmi irin na ma'aikata. Namiji ya tsaya a zaure, mace ta yi sallama ta shigo. Doguwa ce, baƙa, da jakar takardu a hammata. Daga gaisuwarta na gane ba 'yar nan ba ce, Hausarta irin ta waɗanda suka tashi a bariki ce, tsaf da ita amma ba gishirin birni. Na shimfiɗa mata tabarma na kawo ruwa.

Ta ce, "Mama, daga ofishin tsaro muke. Kada hankalinki ya tashi, 'yar tambaya ce."

Ta zaro hoto ta miƙo mini. Na kalle shi ta gefen ido na mayar mata.

"Kin san wannan?"

"Na san shi. Mai Jirgi ne."

"Sunansa fa?"

"Ai yana nan a rubuce a takardarki, 'yar nan."

"Ina so in ji daga bakinki."

Na ce, "Ba na iya faɗa."

Ta duƙa ta rubuta wani abu. Sannan ta ɗago.

"Ɗanki ne?"

Ku da kuka tashi yanzu, kuna rungumar 'ya'yanku na fari kuna ɗaukar hoto da su a waya, ba za ku gane nauyin wannan tambaya ba. Ni ji na yi kamar an ce in cire ɗankwali a tsakiyar kasuwa. Kuma ban ga abin da zai sa in ci amanar Yaya a gaban baƙuwar da ban taɓa gani ba.

Na ce, "Ɗan Yaya ne. Tana Goron Dutse."

"Ba ke kika haife shi ba?"

"Ɗan Yaya ne."

"'Ya'yanki nawa, Mama?"

Na lissafa mata biyar, na fara daga na biyu kamar yadda na saba. Ta daɗe tana kallon hoton tana kallona, har na tsargu na gyara mayafi. Ta sha ruwa, ta yi godiya, na ƙulla mata daddawa a leda ta ce aikinsu ya hana su karɓar komai. Na koma kan tankaɗena ina jin daɗin na fita kunyar Yaya.

Abin da ban sani ba, daga Goron Dutse matar nan take. Ta yi wa Yaya tambayar da ta yi mini, Yaya ta ce ɗanta ne. Ta ce ke kika haife shi? Yaya ta ce, to wa zai haifa mini? Matar ta rubuta. Shi kuwa bawan Allah, a takardarsa akwai layin da aka ce ya rubuta wadda ta haife shi, kuma rantsuwa zai yi a kai, sai ya rubuta sunana da gidan nan na Koki, don ba zai rantse a kan abin da ba haka yake ba. Kun ga ke nan mu biyu, kowace tana ƙoƙarin kyautata wa 'yar'uwarta, mun taru mun mai da shi maƙaryaci a gaban hukuma. Kuma ba takardar haihuwa, a ɗakin nan da nake kwana aka haife shi. Ungozomar ta rasu, Malam ya rasu, mijin Yaya ya rasu. Shaidu biyu suka rage a duniya, su ne kuma suka ƙaryata shi.

Ranar Alhamis bayan la'asar ya zo. Tun daga zaure na san ba lafiya ba, don shi mai saurin taku ne, ran nan kuwa jan ƙafa yake. Ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya gaishe ni, na amsa ina kallon bango kamar kullum, ya wuce ɗakin Abu suka sakaya ƙofa. Sun manta akwai 'yar kafa a saman bangon nan inda azara ta ratsa. Suna yi suna haɗawa da Turanci don kada a gane, amma abin da ya fito da Hausa ya ishe ni.

Ya ce, "Ranar Alhamis mai zuwa matar ofishin nan za ta miƙa rahoton. Ta ce in ya tafi yadda yake, ba lambar kaɗai zan rasa ba. Za a rubuta na yi rantsuwa a kan ƙarya, kuma wannan tabon ba ya goguwa. Ba mai ƙara ba ni jirgi a ƙasar nan."

Abu ta ce, "To me ya hana ta miƙawa tun ran nan?"

"Ta ce ta ga fuskata a fuskar Hajiya, har wushiryar. Ta ce akwai abin da ba ta gane ba, kuma ba ta son ta kashe wa mutum aiki a kan abin da ba ta gane ba. Wai in kawo su su biyu ranar Laraba, kowace ta faɗa da bakinta a naɗa a na'ura."

"To Kyaftin, me ya rage? Ka ɗebo tsofaffinka ka kai su mana."

Da ya sake magana muryarsa ta sauka.

"Abu, in kai Umma gaban baƙi in ce ta faɗa ba ita ta haife ni ba? Matar da ba ta da kowa sai ni? Gara in je in kama kasuwar ƙirgin da Baba ya so."

"Hajiya fa?"

"Hajiya ko da wuƙa a wuya ba za ta kira sunana ba. Kada ki gaya wa kowa. Zan ce da su na gaji da aikin ne."

Carbi yana hannuna amma ban san abin da nake ja ba. Yaron nan tun yana ɗan shekara bakwai yake hawa dutsen Goron Dutse don ya kalli jirage suna sauka, Yaya tana bin sa da bulala. Yau ga shi ya haura arba'in, da iyali, da furfura a gemu, zai ajiye abin da ya fi so a duniya don kada ya kunyata tsofaffi biyu. Ni kuma da bakina na ja masa. Na kwana biyu ina juya abin. In na yi shiru, kunyata tana nan, Yaya ba ta ji ciwo ba, shi ya tafi a banza. In na yi magana, sai na je na tsaya a gaban yayar mijina na roƙe ta ta faɗi maganar da ko Malam bai taɓa sa ta faɗa ba. Ranar Asabar bayan azahar na ɗauki mayafi. Abu ta gan ni a zaure ta ce wa ya rasu. Na ce ba kowa, ta tsayar mini da adaidaita.

Na tarar da Yaya a tsakar gida tana tsinkar zogale. Ta gan ni ta ajiye faifan.

"Dije? Ke ce da rana tsaka? Wa ya rasu?"

Na ce ba kowa. Na zauna a ƙasa nesa da tabarmarta, na gaishe ta, na tambayi ƙafarta, na tambayi kajinta, na yi zancen tsadar gawayi, na koma kan ƙafar. Ta bar ni na yi ta kewaye har na gaji.

"In kin gama zagaya garin, ki shigo ta ƙofa."

Na sunkuyar da kai na gaya mata duka, tun daga zuwan matar har abin da na ji. Ban ɗago ba sai da na kai ƙarshe. Ta ɗauki reshen zogale tana tsinka, ganyen yana zuba a ƙasa ba a faifai ba.

"Shi ya aiko ki?"

"A'a, Yaya. Ta bango na ji."

"Wannan kunne naki. Tun kina amarya nake gaya wa Malam ya riƙa rage murya."

Ta ajiye reshen. Can ta ce, "Jiya ya zo nan. Ya ce mini wai bayansa ne yake ciwo, zai huta da tuƙi. Na dafa masa magani, ya shanye yana godiya. Ashe ni ce ciwon bayan."

Na ce, "Mu ne, Yaya."

"Shekara arba'in ba wanda ya taɓa tsayar da ni ya ce in faɗi wannan magana. Ko matan unguwar nan da ba sa raga wa kowa, ko da faɗa, ba wadda ta taɓa goranta mini." Ta share ido da bakin zane. "To ni tawa mai sauƙi ce, a'a ce kawai. Ke fa? Za ki iya?"

"Ban sani ba."

"Gwada. Ba kowa a gidan. Faɗa mini sunansa."

Na buɗe baki. Wallahi 'ya'yana, harshena ya ƙi. Na sake gwadawa, sai wani tari ya sarƙe ni. Yaya ta kalle ni ta fashe da dariya, tana yi hawaye yana zuba, ban san wanne ne na dariya wanne ne na kuka ba.

"Dubi mai zuwa ceto. Tashi ki tafi gida ki koya. Ranar Laraba da safe zan biyo miki, kuma in kika ba ni kunya a gaban 'yar mutane, ni da ke ne."

To ku ji da kyau, ku masu cewa ni na ja ta. Ita ta sa rana, ita ta aika aka kira shi ta ce ya daina yi mata ƙaryar ciwon baya, ita ta biyo mini.

Kwana ukun nan daka na yi ta yi. Gero, dawa, barkono, har abin da ba a bukata. Abu tana cewa ga inji a bakin titi, ina cewa na inji ba ya daɗi. Ba ta san in taɓarya ta sauka nake faɗar sunan a ciki ba, yadda ƙarar turmi za ta rufe. Ranar farko rabinsa kaɗai yake fita. Ranar Talata da yamma na iya faɗarsa duka, amma sai da taɓarya a hannu.

Ofishin nasu yana can wajen gari, ba allo a ƙofa. Aka karɓi wayar Mai Jirgi a bakin ƙofa, wata ta shafa jikinmu, Yaya tana ce mata ta yi a hankali da ƙafar nan. Aka ce shi ya zauna a benci a baranda, mu aka shigar da mu wani ɗaki mai fanka. Ƙofar ba ta rufuwa sosai. Matar nan tana zaune, kusa da ita wani dattijo mai farin gemu, shugabanta. Daga yadda ya amsa sallama na san ɗan cikin birni ne. Ta ajiye wata 'yar na'ura a kan tebur, ta ce duk abin da muka faɗa za ta naɗa. Ta fara da Yaya.

"Mama, ran nan kin ce mini ke kika haife shi."

Yaya ta gyara zama, ta ɗora hannu biyu a kan sandarta.

"Ban ce ba, 'yata, amma na bar ki kin rubuta, duk ɗaya ne. Ban haife shi ba. Ban taɓa haihuwa ba. Ga wadda ta haife shi nan. Ni an ba ni shi yana da shekara biyu, na goya, na raina, na aurar. Yaron nan bai taɓa yi mini ƙarya ba sai satin nan, ita ma don kada in zo nan ne. Rubuta wannan ma."

Muryarta ba ta yi rawa ba ko kaɗan. Dattijon ya sunkuyar da kai yana kallon hannunsa. Matar ta juyo gare ni.

"Mama, ke kika haife shi?"

"Ni ce."

"Me ya sa kika ce mini ɗan Yaya ne?"

Dattijon ya yi mata magana a hankali da Turanci. Ta saurara, ta dube ni, ta dubi Yaya, na ga fuskarta ta canja. Ta ce, "Ki yi haƙuri, Mama, ban sani ba. Amma doka ce, sai kin faɗi cikakken sunansa a naɗa."

Dattijon ya tashi ya je taga ya ba mu baya, kamar akwai abin da yake kallo a waje. Har gobe ina yi masa addu'a a kan wannan. Na damƙe bakin kujera kamar taɓarya, na faɗa.

Matar ta duba na'urar. "Bai shiga ba, Mama. Fankar ta fi ki ƙara."

Yaya ta zungure ni da sanda a ƙafa. Na rufe ido na ɗaga murya, na kira sunan kamar yadda ake kiran yaro daga tsakar gida, shi da na mahaifinsa.

Daga baranda aka ce, "Na'am."

Ba da niyya ya amsa ba, bakinsa ne ya riga shi. Matar ta kashe na'urar ta daɗe tana gyara takardun da ba su bukatar gyara. Sannan ta kawo tawada muka dangwala yatsa, ni a ƙasan maganata, Yaya a ƙasan tata. Da muka fito yana tsaye a jikin bango, bai kalle ni ba, ban kalle shi ba. Ya karɓi jakar Yaya ya riƙe mata hannu a matakala.

Yaya ta ce ba za ta shiga motarsa ba, ya koma ya ƙarasa da mutanensa, mu za mu hau adaidaita. Muka kamo hanya har muka shigo ta Ƙofar Mazugal. Tana ta goge tawadar da bakin mayafi. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba,

"Ashe kina da murya."

Na ce, "Ke kika zungure ni, Yaya."

"To kin faɗa sau ɗaya, ya isa. Kada ki saba."

"Ba zan saba ba."

Ban kuwa saba ba. Ko a takardar nan kun ga ban rubuta shi ba.

Bayan 'yan makonni aka ba shi lambarsa, ya koma kai likitocinsa, yana nan yana yi har yau. Matar nan ban sake ganinta ba, ban ma san sunanta ba. Da ta miƙa takardarta ran da ta zo, ba wanda zai ce ta yi laifi, aikinta ta yi. Amma ta tsaya ta kalli fuskar tsohuwa. Duk inda take Allah ya tsaya mata yadda ta tsaya mana, ya ba 'ya'yanta masu yi musu uzuri.

Saura abin da aka biya, don ba a banza aka samu ba, kuma ba ni na biya ba. Ni na ji kunya ta rabin sa'a na dawo ɗakina yadda nake. Yaya kuwa, da can ba ta jera magana uku ba ta ce ɗana ba. Ɗana ya tafi, ɗana ya dawo, ɗana ya sayo mini. Daga ran nan ban sake jin kalmar a bakinta ba. Ba wanda ya hana ta, shi bai rage mata komai ba, kullum ya sauka gidanta yake fara zuwa. Amma sai ta koma cewa yaron nan, irin yadda nake faɗa. Sauran mutane ba su lura ba, ni na lura. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce mata, Yaya, ai ɗanki ne. Ta ce, "Na sani, Dije. Na dangwala hannu ne kawai, bakin ya ƙi mantawa." Ba ta yi fushi da ni ba, ba ta yi jinya a kan haka ba. Ta ƙara shekara uku lafiya lau, tana zuwa nan muna hira, ciwon ƙafarta ne da sukari suka kwantar da ita, da kwana ya ƙare.

Da ta rasu, a Goron Dutse ya zauna karɓar gaisuwa, shi ne a gaba. Ranar uku da yamma, da mutane suka ragu, ya shigo cikin gida wajen mata. Na bari duk suka yi masa gaisuwa, sannan na matsa na tsuguna a inda kowa yake tsugunawa, ina kallon tabarma.

Na ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan mahaifiyarka."

Ya ce, "Amin, Hajiya. Na gode."